Kafin ka sayi manhajar bakof ta VM, ka san wa ke riƙe da lissafin abin da ya canja

Duk mai kula da saba, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, ya san ba zai yiwu a riƙa kwafe faifan VM kacokan kowane dare ba. VM, ga wanda bai saba da kalmar ba, kwamfuta ce da aka gina da manhaja tana zaune a cikin wata kwamfutar, faifanta kuma wani ƙaton fayil ne. A ce faifan terabait 2 ne, amma abin da aka taɓa daga jiya zuwa yau bai wuce gigabait 20 ba. Idan manhajar bakof, wato mai ajiye kwafin bayanai don ranar da na asali suka lalace, ba ta san inda waɗannan 20 ɗin suke ba, dole ta karance faifan daga farko har ƙarshe, gari ya waye ba ta gama ba, ma'aikata su zo su tarar da komai na tafiyar hawainiya.

Maganin da aka samo shi ne a yanka faifan gunduwa-gunduwa, a ajiye wata 'yar taswira a gefe. Duk gunduwar da aka yi rubutu a kanta, sai a sa mata alama. Da dare manhajar bakof ta tambaya, a miƙa mata jerin masu alama, ta kwashe su kaɗai, a goge alamomin, a sake sabon lissafi. Taswirar ba ta da nauyi ko kaɗan. Idan kowace gunduwa kilobait 64 ce, faifai mai terabait 1 taswirarsa megabait 2 ce kacal.

To amma gaba ɗayan bakof ɗinka ya rataya ne a wuyan wannan 'yar taswira. Idan ta tsallake gunduwa ɗaya, kwafin daren nan ya gurgunce, na gobe ma haka, domin kowanne a kan na jiya ake ɗora shi. Shi ya sa idan ana kwatanta tsare-tsaren nan ban cika damuwa da wanda ya fi sauri ba. Abin da nake tambaya shi ne: ranar da taswirar ta rikice, tsarin zai faɗa maka, ko zai yi shiru?

Kamfanin VMware, mai ƙera injin da VM ke gudana a kai, shi ne ya fitar da abin fili. A 2009, tare da manhajarsa vSphere 4, ya kawo Changed Block Tracking, wanda kowa ke kira CBT. Kusa da kowane faifai za ka ga wani ƙaramin fayil da sunansa ya ƙare da ctk.vmdk, a nan lissafin yake, don haka ko an kashe VM an kunna yana nan daram. Kusan babu wata babbar manhajar bakof da ba ta iya magana da shi ba, kuma wannan ba ƙaramin alheri ba ne. Sai dai tarihinsa na da tabo. A 2014 aka gano cewa faɗaɗa faifai ya haura gigabait 128 na iya sa CBT ya riƙa ba da jerin da ba daidai ba. A ƙarshen 2015 kuma aka samu wani kuskuren a ESXi 6.0, injin VM na kamfanin, mai sa a tsallake wasu gunduwoyin da suka canja. An gyara su duka, amma a lokutan biyu bakof na nuna ya kammala lafiya alhali akwai giɓi a ciki. Ka haɗa da cewa tun da Broadcom ya saye kamfanin a Nuwamban 2023 lasisi ya koma na biyan kuɗi lokaci-lokaci, kuma ESXi na kyauta ba ya buɗe ƙofar da manhajojin bakof ke bi. Idan kana kansa, zauna, ka tabbata faci, wato gyaran da kamfanin ke fitarwa, bai wuce ka ba. Idan yanzu za ka fara, ni dai ba zan tura ka can ba.

Hyper-V, injin VM na Microsoft, ya makara. Sai a Windows Server 2016 Microsoft ya kawo nasa, Resilient Change Tracking, mai ajiye lissafi a ƙwaƙwalwa da kuma fayiloli biyu, rct da mrt, don ko wuta ta ɗauke kada a rasa komai. Tunani ne mai kyau, kuma ya ishi wanda duk gidansa Windows ne. XenServer, wani injin VM ɗin, ya samu nasa a sigar 7.3 cikin 2017, yana aiki, ba ni da abin ƙarawa. Masu ma'ajiyar Ceph ko ZFS kuwa suna iya ciro bambanci tsakanin hotunan faifai biyu, wato yadda faifan yake a lokuta biyu daban, daga ma'ajiyar kanta, amma hakan ya ɗaure bakof ɗinka da irin wannan ma'ajiyar.

Wanda zuciyata ta kwanta da shi shi ne na QEMU, injin VM da ke aiki tare da KVM na Linux, musamman yadda kamfanin Proxmox ya yi amfani da shi. QEMU ya fara riƙe irin wannan taswira tun sigar 2.4 a 2015, daga 2.10 a 2017 kuma ana iya adana ta a cikin fayil ɗin faifan VM, wato qcow2. Abin da ya burge ni shi ne ɗabi'arsa idan abu ya lalace. Muddin VM na aiki, taswirar da ke cikin fayil tana ɗauke da tambarin cewa ana amfani da ita. Idan saba ta faɗi ba a rufe ta yadda ya kamata ba, tambarin na nan, QEMU kuma zai ƙi yarda da wannan taswira sam. Ba ya kame-kame. Sai ka share ta ka ɗauki cikakken kwafi.

Proxmox Backup Server, wanda ya fito a Nuwamban 2020, ya ma fi haka tsantseni. A ƙwaƙwalwa kawai yake riƙe taswirar, ba ya rubuta ta a faifai. Ka kashe VM, ta tafi. Masu suka a nan suke kafa hujja, kuma suna da gaskiya ta wani ɓangare: bakof na farko bayan an kashe an kunna sai ya karance faifan duka, idan babba ne za ka ji a jikinka. Amma dubi abin da ke faruwa a wannan karatun. Ana yanka faifan gunduwa-gunduwa masu megabait 4, a fitar wa kowacce hatimin SHA-256, wato wata lamba da ake lissafowa daga abin da ke cikinta, a gwada da hatiman kwafin baya. Wadda hatiminta ya zo ɗaya ba a sake tura ta. Kenan lokacin karatu ka yi asara, ba wurin ajiya ba, ba kuma layin sadarwa ba. A madadin haka ka samu abin da ya fi: an sake auna bakof ɗinka da ainihin faifan, ba da abin da taswira ta ce ba.

Kuma ba ya ɓoye maka. Buɗe rahoton aikin, akwai layi na kowane faifai. Idan taswirar na nan lafiya zai rubuta OK, ya gaya maka gigabait nawa ne suka canja cikin nawa. Idan sabuwa ya buɗe zai rubuta created new, ka san daren nan karatun mai tsawo ne kuma ka san dalili. Kowane kwafi kuma jerin hatimai ne cikakke mai tsayuwa da ƙafarsa, don haka share na makon jiya ba ya taɓa na yau. Manhajar buɗaɗɗiya ce, kowa na iya duba cikinta. Aibinsa na biyu shi ne girman gunduwar: rubutu ɗan mitsitsi ya isa ya sa a kwashi megabait 4, saboda haka rumbun bayanai mai rubutu a warwatse zai fi cin wuri.

Yanzu ga inda nake son ka buɗe kunne, domin a nan ake cutar mutane.

Akwai manhajojin da ba sa amfani da lissafin injin VM ɗin, sai su dasa nasu direban, wata 'yar manhaja, a tsakiya yana leƙen duk rubutun da ke wucewa. Kafin 2016 masu Hyper-V da yawa da wannan suka dogara, amma yau babu dalilin karɓarsa idan injinka na da nasa. Na taɓa gadon wata saba da aka ɗora wa irin wannan direba. An sabunta tsarin aiki, direban ya daina ganin wani sashe na rubutun, allon kuwa kullum kore shar, an kammala, an kammala. Ranar da faifai ya mutu muka maido da VM ɗin, ta tashi lafiya har muka yi hamdala, sai rumbun bayanan ya ƙi buɗuwa, shafukansa rabi na yanzu rabi na watannin baya. Da muka nemi mai sayarwa, sai ya ce ai rahotonsu bai nuna matsala ba. Tun daga nan kore bai ƙara ruɗa ta ba.

Ka yi hattara da kalmar tantancewa a bakin ɗan talla. Galibi abin da ake nufi shi ne an duba cewa abin da aka ajiye bai ruɓe a ma'ajiya ba. Wannan na da amfani, amma ba ya nuna cewa abin da aka ajiye shi ne abin da ke kan faifan. Idan taswira ta tsallake gunduwa, tsohuwar gunduwar da ke ajiye lafiyarta ƙalau, za ta ci jarrabawa. Ko aikin tantancewa na Proxmox da nake yabo bai tsira daga wannan iyaka ba.

Haka ma cikakken kwafin da ake haɗawa a ma'ajiya. Manhaja ta tattara tsohon cikakken kwafi da ƙananan da suka biyo baya ta dunƙule su, ta kira shi sabon cikakke. Ba ta koma ta karanta faifan asali ba, don haka duk giɓin da ke ciki ya bi shi. Mai ce maka cikakken kwafi sau ɗaya ake yi har abada, tambaye shi ta wace hanya za ka tilasta a sake karanta faifan daga tushe, kuma za ka iya sa masa jadawali. In ya fara kewaye-kewaye, ka kama gabanka.

Wasu kuma za su rubuta cewa suna goyon bayan bin sawun canji, alhali a kan injin da kake da shi karance komai suke yi su gwada hatimi. Gane su ba wuya: a lokacin gwaji ka dubi yawan abin da aka karanta daga faifai, kada ka tsaya ga wanda aka tura. Sannan kada ka kusanci manhajar bakof da aka fasa lasisinta ko aka sauko da ita daga shafin da ba na kamfanin ba. Ita ce ke riƙe da mabuɗin kowace VM da kake da ita, masu garkuwa da bayanai kuma ita suke fara nema.

Wani abin da taswira ba ta yi maka shi ne daidaita abin da ke cikin VM. Ita gunduwa ta sani, ba ta san fayil ba. Sai an sa 'yar manhajar wakilin QEMU a ciki, ko VSS mai irin wannan aiki a Windows, don a tsayar da rubutu na ɗan lokaci kafin a ɗauki hoton, in ba haka ba kwafin zai zama kamar na kwamfutar da aka zare wa waya tana tsaka da aiki.

Kafin ka biya ko sisi, ka karɓi na gwaji ka wahalar da shi. Faɗaɗa faifai, ka ɗauki bakof. Kashe sabar da ƙarfi tana cikin rubutu, ka ɗauka. Mayar da VM kan wani tsohon hotonta, ƙaurar da ita zuwa wata saba, ka sake ɗauka. Bayan kowanne ka karanta rahoto ka ga ko ya ambaci cewa ya jefar da taswira ya karance faifan. Daga nan ka maido da kwafin a keɓaɓɓen wuri, ka gwada hatiman manyan fayiloli da na asali, ka sa rumbun bayanan ya binciki kansa. Wanda ya wuce kashewar ƙarfi cikin minti biyu bai ce uffan ba, nemi bayaninsa a rubuce kafin ka sa hannu a takarda.