Makonni goma sha ɗaya a hannun wani kamfanin jinyar gida a Kano

Ranar da likitan da ke duba mahaifiyarmu ya kira ni da yayana gefe ya shaida mana cewa sankarar maman da aka shafe shekara biyu ana yi mata magani ta bazu zuwa ƙashin baya da hanta, kuma ƙarin kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, ba zai jawo mata komai ba sai wahala, abin da dangi suka fahimta shi ne asibiti ya sallame ta. A wajenmu idan aka ce "ku koma gida", fassararsa ita ce a je a gwada na Hausa, a jira ikon Allah. Likitan kuwa ba haka yake nufi ba. Ya ce akwai sauran aiki mai yawa, sai dai aikin ya tashi daga neman warkewa ya koma rage raɗaɗi da kiyaye mutuncinta, kuma ana iya yin sa a ɗakinta idan aka samu waɗanda suka san hannunsa. Da wannan shawara muka ɗauki wani kamfani mai zaman kansa da ke tura ma'aikatan jinya gida-gida, suka yi mana aiki na makonni goma sha ɗaya, daga ƙarshen sanyi har tsakiyar zafin bazara, lokacin da Allah ya karɓi abarsa. Ni ce na kwana da ita a yawancin waɗannan darare, saboda haka abin da zan faɗa a kan aikinsu da idona na gan shi.

Tsarin da muka yi da su shi ne ma'aikaciyar jinya ɗaya da rana, mataimakiya ɗaya da dare, sannan likitansu ya leƙo sau ɗaya a mako, ana biya a farkon kowane mako. Zuwan farko ya kwantar mini da hankali. Shugabar ma'aikatan jinyarsu ta zo da kanta, ta karanta takardun asibiti kaf, ta duba tsayin gado da hanyar banɗaki, ta tambayi wanda ke da ta cewa a gidan idan shawara ta taso, kuma da na nemi ganin lasisin wadda za a turo mana daga hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya da ungozoma rajista a Najeriya, ba ta nuna ɓacin rai ba, washegari aka kawo shi. Mun ce mace muke so, aka ba mu mace, kuma ba a taɓa saɓa wannan ba har ƙarshe.

Ma'aikaciyar rana, wadda duk gidan muke kira Sista, ita ce alherin da muka samu a wannan kamfani. Ba ta taɓa ɗora hannu a jikin Hajiya ba tare da ta yi mata magana ba, ko a kwanakin da Hajiya ba ta iya amsawa. "Hajiya, ki yi haƙuri, zan juya ki ɓangaren dama," haka take cewa, sannan ta naɗe zanin da ta shimfiɗa a ƙarƙashinta, ta riƙe gefe ɗaya, ni na riƙe ɗaya, mu juya ta a hankali ba tare da an ja hannu ko kafaɗa ba, domin ƙashin da sankara ta ci yana iya karyewa da ɗan motsi kaɗan. Duk bayan awa biyu ake wannan juyi, kuma ta manna takarda a bayan ƙofa inda ake rubuta lokaci da ɓangaren da aka kwantar da ita. Ta sa matashi tsakanin gwiwoyinta, ta ɗaga dugaduganta kada su taɓa katifa, kullum kuma sai ta duba ƙugu da ƙasan baya ko fata ta fara ja. Wanda bai taɓa ganin gyambon kwanciya ba ba zai san darajar wannan aiki ba. Na gan shi a jikin wata goggonmu da ta yi jinyar shanyewar ɓarin jiki, rami ne da ke kai wa ga ƙashi. Hajiya ta yi makonni goma sha ɗaya a kwance cikin zafin Kano, katifar iskar da muka yi haya tana sacewa duk lokacin da aka ɗauke wuta, amma fatarta ba ta fashe ba sai wuri ɗaya, wanda zan zo kansa.

Haka kuma ta yi da ciwon da ke ƙirjinta, wanda ya buɗe yana wari har Hajiya ta fara jin nauyin 'yan dubiya. Sista takan wanke shi da ruwan gishiri na asibiti, ta daka ƙwayar metronidazole bisa umarnin likita ta barbaɗa a kai, ta rufe da bandeji mai laushi, cikin kwana kaɗan warin ya ragu ƙwarai. Idan za ta yi mata wanka a gado, gaɓar da take wankewa kaɗai take buɗewa, sauran jiki yana lulluɓe. Ita ce ta ba da shawarar a karkata gadon ya fuskanci alƙibla, aka ajiye ƙasar taimama a ƙaramin faranti kusa da hannunta. Hajiya ba mai yawan yabo ba ce, amma na ji ta ce mata, "'Yar nan, Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki."

Batun ciwo shi ne inda na fi son masu karatu su tsaya, domin a nan ne kamfanin ya nuna iliminsa, a nan ne kuma ya gaza. Kafin zuwansu, muna ba Hajiya magani ne idan ta yi nishi, ita kuwa mace ce mai dauriya da kunya, ba ta nishi sai abin ya kai maƙura. Likitansu ya zaunar da mu ya ce wannan kuskure ne: maganin ciwon sankara da agogo ake ba da shi, kafin ciwon ya dawo, ba bayan ya dawo ba. Wannan ƙa'ida tsohuwa ce a fannin. Cicely Saunders, wadda ta buɗe gidan kula da masu jinyar ajali na St Christopher's Hospice a Landan a 1967 kuma ake ɗauka a matsayin uwar wannan irin jinya ta zamani, a kan wannan ƙa'ida ta gina aikinta, sannan a 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsani mai hawa uku na magungunan rage ciwo, daga irin su farasitamol, zuwa masu matsakaicin ƙarfi irin su kodin, zuwa mofin idan ciwo ya tsananta. Hajiya ta riga ta wuce hawa na biyu. Aka rubuta mata mofin na ruwa, ana ɗiga mata a baki da sirinji duk bayan awa huɗu, tare da maganin sassauta ciki, domin mofin yana kawo taurin bayan gida ga kusan duk mai shan sa.

Kawunmu, ƙanin Hajiya, ya ƙi yarda da farko. Ya ce wannan ai ƙwaya ce, kuma ba zai zuba ido a mayar da yayarsa 'yar maye a ƙarshen rayuwarta ba. Ban ga laifinsa ba, domin duk wanda ya zauna a Kano ya ga abin da kodin da tiramadol suka yi wa matasa da matan aure, har gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018. Likitan bai raina wannan tsoro ba. Ya ce, "Alhaji, ka ba mu kwana uku ka gani," ya bayyana masa cewa za ta yi yawan barci a kwanakin farko sannan ta wartsake, kuma da ƙaramin awo ake farawa a riƙa daidaitawa da nauyin ciwon. A rana ta huɗu Hajiya ta zauna jingine da matashi, ta sha kunun gyaɗa rabin kofi, ta tambayi jikokinta ɗaya bayan ɗaya, ta yi sallar azahar cikin hayyacinta. Kawu bai sake ta da maganar ba.

Sai dai kamfanin da ya iya rubuta maganin bai iya samar da shi ba. Mofin magani ne da doka ta tsaurara fitarsa, ba a samunsa a kemis ɗin unguwa, sai a ma'ajiyar magani ta manyan asibitoci da takardar likita. Tun farko na ɗauka cewa bibiyar wannan yana cikin abin da muke biya, su kuma suka ɗauka aikinmu ne, kuma babu wanda ya fayyace a rubuce. A mako na shida kwalbar ta ƙare ranar Juma'a da yamma. Likitansu ba ya gari, babu wani da zai sa hannu a madadinsa, muka yi kwana biyu ba magani sai wanda ba ya taɓa ciwon. A daren Asabar ɗin na ga mahaifiyata, wadda ta haifi 'ya'ya takwas ba a taɓa jin kukanta ba, tana damƙe da ƙarfen gado tana salati da ƙarfi har maƙwabta suka jiyo. Wannan ba ƙaddarar da ba ta da makawa ba ce, sakaci ne na lissafi, domin duk wanda ya san awon da ake ba ta a rana ya san ranar da kwalba za ta ƙare. Abin ya fi ci mini rai da na san cewa a Yuganda, inda Dakta Anne Merriman ta kafa Hospice Africa Uganda a 1993 ta kuma yaɗa mofin na ruwa mai rahusa, tun 2004 doka ta ba ma'aikatan jinyar da suka samu horo na musamman damar rubuta shi. Da Sista tana da wannan dama, da Hajiya ba ta ga wannan dare ba. Bayan na kai ƙara, shugabarsu ta zo ta ba da haƙuri ba tare da kame-kame ba, daga nan kuma aka riƙa auna abin da ya rage a kwalba kowace Litinin.

Aikin dare ma bai kai na rana ba, ko kusa. Cikin makonni goma sha ɗaya an canja mana mataimaka biyar, wasu ba a gaya musu komai game da Hajiya ba kafin su iso, sai ni na koma ina koya musu yadda ake juya ta. Ɗaya daga cikinsu ta cike takardar bayan ƙofa tun ƙarfe goma na dare har zuwa asuba, ta kwanta ta yi barci, a makon ne fatar ƙugun Hajiya na hagu ta saluɓe, Sista ta sha fama kafin ta rufe. Ba na ɗora laifin duka a kan waɗannan 'yan mata, domin biyu sun gaya mini daga wani aikin rana suke wucewa gidanmu. Laifin na wanda ya tsara aikin ne. Lambar wayar gaggawa da aka ce tana aiki dare da rana kuwa, sau uku na kira ta bayan sha biyun dare, sau ɗaya aka ɗaga.

Inda suka sake samun yabona shi ne makon ƙarshe. Hajiya ta daina cin abinci, gida ya cika da masu cewa a yi mata ƙarin ruwa, wasu na cewa a ɗura mata kunu ko da ƙarfi. Sista ta tara mu mata a tsakar gida ta yi mana bayani dalla-dalla cewa jiki ne ke rage buƙatarsa, ɗura na iya sa ta ƙware abinci ya faɗa huhu, ƙarin ruwa kuma a wannan hali yakan taru a ƙafafu da ƙirji ya ƙara mata wahalar numfashi. Ta nuna mana yadda za mu jiƙa auduga mu goge mata leɓe da harshe, mu shafa mata man kaɗanya kada bakin ya tsage. Ta gaya mana tun da wuri cewa numfashi zai riƙa tsayawa yana dawowa, za a ji gargara a maƙogwaro, hannu da ƙafa za su yi sanyi, kuma idan mun ga haka kada mu ruɗe mu ɗauke ta a mota, mu kwantar da ita a gefe mu zauna kusa da ita, domin mai yiwuwa tana jin muryarmu. Ita ce kuma ta iya abin da mu muka kasa saboda kunya, wato roƙon 'yan dubiya su riƙa shiga bibbiyu, su taƙaita zama. Saboda wannan shiri ne, da lokacin ya zo da hantsin wata Laraba, babu ihu babu guje-guje. Yayana yana laƙƙana mata kalmar shahada, ni ina riƙe da hannunta, Sista ta ja baya ta tsaya bakin ƙofa ta bar mana wurin.

Game da kuɗi, aikin yana da tsada ga mai albashi, mu biyar muka riƙa haɗawa, kuma abin da aka faɗa mana da farko bai haɗa da safar hannu, bandeji, robar fitsari, ƙunzugun manya, hayar katifa da man janareta ba, waɗanda a wasu makonni suka kusa kamo kuɗin aikin kansa. Ya kamata a ce an ba mu wannan lissafi tun ranar farko.

Idan aka tambaye ni ko zan tura wani wajensu, zan ce e, don aikin rana da kuma iliminsu na kula da mai jinyar ajali, amma da sharaɗin a rubuta a takarda wanda zai nemo mofin da wanda zai sa hannu idan likita ba ya nan, a nemi mataimakiyar dare ɗaya tsayayya wadda za a san sunanta, kuma wani daga cikin iyali ya kwana a ɗakin ko da an biya kuɗin dare. A gwada lambar gaggawar da tsakar dare tun kafin a biya kuɗin makon farko. Ragowar mofin ɗin Hajiya, Sista ta auna shi a gabanmu ta rubuta, muka mayar asibitin da aka karɓo shi. Ranar sadakar uku ta dawo gaisuwa da mayafinta, ba da kayan aiki ba, ta zauna cikin mata har la'asar.