Turaren wardi da ambar da na saya a Wunti

Ranar Alhamis na shiga Kasuwar Wunti da ke Bauchi neman hula, na fito da kwatar tola ta turare, mililita 3 ke nan. Mai shagon ne ya ɗiga mini a bayan hannu, ya ce, "Alhaji, je ka zaga ka dawo, kar ka yanke hukunci yanzu."

Gaskiyarsa. Da farko wardin ne ke yin tsalle, har ya so ya hau mini kai, kamar humrar amare. Bayan rabin awa sai ya lafa, ƙamshin itace ya taso, irin na sandal da ake sa wa a kasko. Ambar ɗin kuwa sai can da la'asar na ji shi, ɗumi-ɗumi da ɗan gishiri-gishiri, ya manne a fata.

Mai shagon ya rantse ambar na asali ne. Na yi murmushi kawai. Na asali daga cikin wata ƙatuwar dabbar teku yake fitowa, ya yi shekaru yana yawo a kan ruwa, tsadarsa ta wuce wannan 'yar kwalba. Yawancin na yanzu haɗin kimiyya ne, kuma ban ga laifinsa ba.

Na sa shi zuwa Juma'a, rana ta Bauchi ta doke shi, bai tsinke ba. Aibinsa guda: ya bar tabon rawaya a wuyan farar shaddata. Uwargida ta yi mita, sannan ta ɗauke kwalbar ta kai ɗakinta.