Tukunyar ƙasa ko ta roba: wacce moda ta fi so a Legas?

Hajiya, kin ce modar da kika taho da ita daga Kano, wato shukar nan mai dogayen ganye masu kauri, ba ta taɓa ba ki wahala ba, amma tun da kuka tare a Agege ganyenta ke yin laushi daga gindi yana kwanciya. Tambayarki ita ce ko ki bar ta a tukunyar robar da take ciki, ko ki sauya mata ta ƙasa. Ni dai ta ƙasa zan ce, amma bari in ajiye miki su biyun ki gani.

Shukar nan ba baƙuwa ba ce. Asalinta yankinmu ne, daga Nijeriya har Kwango, kuma da zarenta mutanen da suke tufka igiya da tsirkiyar baka. Masana sun daɗe suna kiranta Sansevieria, sai a 2017 suka mayar da ita cikin rukunin tsirran da suke kira Dracaena. Ruwa take tarawa a ganyenta mai kauri da kuma saiwarta, kuma da dare take buɗe ƙofofin numfashinta don kada zafin rana ya ƙwace mata danshi. Shi ya sa ƙishirwa ba ta cika kashe ta ba. Yawan ruwa ne ajalinta.

To, roba ba ta tsotsar ruwa. Abin da kika zuba, in bai fita ta hujin ƙasa ba, yana nan zaune sai iska ta ɗauke shi ta sama. A Kano wannan ba matsala ba ce, hunturu kaɗai ya isa ya busar da tukunya cikin 'yan kwanaki. Amma nan, daga Afrilu zuwa Yuli, tawul ma sai ya wuni a igiya bai bushe ba, balle ƙasar da aka kulle cikin roba a kusurwar falo. Ruwan ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Idan kina ba ta ruwa duk mako kamar yadda kika saba a gida, saiwar a jiƙe take kwana take tashi.

Tukunyar ƙasa kuwa kamar randa ce, jikinta na fitar da danshi ta ko'ina. Ko hannunki ya zarce, tana rage miki laifi. Ga nauyi: moda in ta yi tsayi sama take rinjaya, yaro ya gifta da gudu sai ki tsince ta a ƙasa in a roba take. Aibinta shi ne tana fashewa, kuma a danshin Legas bayanta na yin gansakuka da farin gishiri-gishiri. Buroshi da ruwa sun isa.

Roba ma tana da ranarta. Ba ta da tsada, ba ta da nauyi ga mai hawa bene ko mai yawan sauya gidan haya. A ɗakin da na'urar sanyaya ɗaki ke aiki kullum, iska a bushe take, roba za ta iya. Ni tawa ta farko a roba ta mutu, wata damina da na bar ta a baranda feshi na dukanta. Da na ja ganye ɗaya sai ya zaro a hannuna kamar dafaffiyar kuɓewa, ga wari.

Duk wadda kika zaɓa, a tabbata tana da huji, kuma kada ta fi shukar girma sosai, don moda ta fi son matsi. Yau ɗin nan ki zazzage ta ki duba. Saiwa mai lafiya tauri gare ta, launinta ruwan lemo ko fari-fari. Duk wadda ta yi baƙi ta ruɓe ki yanke da wuƙa mai tsabta, ki bar sauran a inuwa kwana 2 yankan ya bushe. Ki haɗa ƙasa da yashin magina mai tsakuwa rabi da rabi, da ɗan farfasasshen gawayi. Ban da yashin bakin teku, gishiri gare shi. Bayan dashe ki yi mako guda ba ki ba ta ruwa ba, daga nan sai kin tura yatsa kin ji ƙasar ta bushe ƙarau. Da damina takan kai wata guda. Ruwan da ya taru a farantin da ke ƙarƙashin tukunyar ki riƙa zubarwa, sauron Agege ba ya buƙatar ƙarin masauki.

In akwai mage ko mai rarrafe a gidan, ki ɗora ta sama kusa da taga, don ganyen na sa amai in an tauna.