Ziyarar Makabartar San Kallisto a Roma: Abin da Jagora Ya Nuna Mana

Wanda ya je Roma yana son fahimtar yadda addinin Kirista ya samu gindin zama a daular da ta daɗe tana tsananta masa, ina ba shi shawara ya fita bayan gari zuwa tsohuwar hanyar Appiya, inda makabartar ƙarƙashin ƙasa ta San Kallisto take. Motar haya mai lamba 118 tana kaiwa can, ba a buɗewa ranar Laraba, kuma ba a barin kowa ya sauka sai da jagora.

Zagayen bai wuce minti 45 ba, alhali hanyoyin da aka haƙa a cikin dutse mai laushi sun kai kusan kilomita 20 a hawa huɗu, don haka ɗan kaɗan ne kawai mutum yake gani. Amma kaɗan ɗin nan ya ishe ni. Jagoranmu ya fara da gyara wani kuskure da ya yaɗu, ya ce wurin ba maɓoya ba ne, makabarta ce da hukuma ta san da zamanta, wadda Paparoma Zafirinus ya damƙa wa Kallistus, wani ma'aikacin coci da makabartar ta ci sunansa, kula da ita a farkon ƙarni na 3. Daga nan ya kai mu ɗakin da aka binne paparomomi tara, cikinsu har da Sistus na Biyu, wanda aka kashe a shekarar 258 a zamanin Sarki Baleriyan.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne guraben da ke jere a bango, ɗaya bisa ɗaya, wasu ba su fi tsawon kamu biyu ba domin na jarirai ne. Na tsaya gaban wata 'yar marmara da aka zana kifi a kanta, ga sanyi yana ratsa rigata, jagora yana bayanin cewa ikilisiya ce take ɗaukar nauyin suturar matalauci da bawa, a zamanin da gawar marar galihu takan ƙare a ramin gayya. A nan na gane dalilin da ya sa Sarki Yuliyan, wanda ya yi ƙoƙarin maido da bautar gumaka wajen shekarar 362, ya koka cewa kyautata wa baƙi da kula da kaburburan matattu ne suka fi yaɗa wannan addini. Hanyoyin Rumawa da harshen Girkanci sun taimaka, babu shakka, amma mutumin da ya tabbata ba za a yar da gawarsa ba yana da dalilin riƙe jama'ar da ta yi masa wannan alkawari tun kafin dokar Milan ta 313 ta halatta ibadarsu.

An hana ɗaukar hoto, kuma na goyi bayan hakan, domin kabari ba wurin wasa ba ne. Matakalar tana da tsayi, saboda haka mai ciwon gwiwa ya yi shawara kafin ya sayi tikiti, kowa kuma ya riƙe rigar sanyi ko da bazara ce.