Wata huɗu ina shan kratom don in rabu da tramol

Tun haɗarin da na yi da Keke Napep a wajen Kwangila a Zariya, bayana bai sake komawa daidai ba. Tramol na 'yan kwanaki aka rubuta mini, ni kuma na ci gaba da saye da kaina har shekara biyu. Ranar da ban sha ba, sai hamma da majina da zufa, gaɓoɓi kamar an yi mini dukan kawo wuƙa.

Wani abokina ɗalibi a Samaru ne ya kawo mini labarin kratom. "Mutumina, ganye ne fa kawai, ba ƙwaya ba ce," in ji shi. Ta intanet muka saya. Koren gari ne, in ka gan shi a leda sai ka rantse kuka ce, amma ɗacinsa ya fi na shuwaka. Bishiyar a Tailan da Malesiya da Indonesiya take fitowa, dangin kofi ce, kuma 'yar'uwar giyayyar nan tamu ta fadama. Leburori a can sun daɗe suna tauna ganyen don su jure aiki a rana.

Ba zan ci amanarsa ba, makonni biyun farko ya yi aiki. Hamma ta tsaya, na samu barci, ciwon bayan ya lafa har na koma jigila tsakanin Sabon Gari da Tudun Wada. Na ajiye tramol gaba ɗaya, uwargida har da cewa Allah ya karɓi addu'arta.

Sai a wata na biyu na gane inda gizo ke saƙa. Abin da ke isata da safe ya daina isata, ina ta ƙarawa. Ciki ya bushe, sai in kwana uku ban zaga ba, ga tashin zuciya, abinci ya fita raina. Rannan saƙon ya makara a hanya, kwana biyu babu gari. Wallahi hammar nan da majinar nan da na sani su suka dawo, ba abin da ya ragu. Ashe sinadarin da ke cikin ganyen, mitragynine, wurin da tramol da kodin ke kamawa a ƙwaƙwalwa nan shi ma yake kamawa. Tailan da kanta ta haramta shi a 1943, sai 2021 ta ɗage haramcin, kuma hukumar abinci da magunguna ta Amurka ba ta amince da shi a matsayin maganin kowace cuta ba.

Abin da ya fi ba ni haushi, ledar da nake saye ba lambar NAFDAC, ba ranar lalacewa. Ta wannan watan ta bugar da ni, ta wancan kamar na sha ruwan bunu. Kuɗin kuwa ya fi na tramol ɗin da nake gudu.

Yayana ne ya sa ni gaba muka je wurin likita a Shika. Na zata faɗa zai yi mini, sai ya tambayi ko ina haɗawa da wani abu, ya ce haɗa shi da tramol ko maganin barci na iya danne numfashi, ya kuma sa aka duba mini hanta. Yanzu a hankali ake rage mini, ana kuma yi mini gashin baya duk mako. Abokin nan nawa da na gaya masa, ya yi shiru, ya ce shi ma yana kan leda ta uku.