Duora 10: raket ɗin da Lee Chong Wei ya koma fage da shi

Na shafe fiye da shekara guda ina buga badminton, wasan da ake buga ƙwallon gashi da raket ta saman raga, da Duora 10, raket ɗin da kamfanin Yonex na ƙasar Japan ya fitar a 2015, kuma dalilin da ya sa na saye shi tun farko shi ne Lee Chong Wei, ɗan wasan Malesiya da ya riƙe matsayi na ɗaya a duniya har makonni 349.

Lokacin da raket ɗin ya shiga hannunsa ba lokacin daɗi ba ne. An dakatar da shi na wata takwas bayan gwajin da aka yi masa a gasar duniya ta 2014 ya nuna ƙwayar dexamethasone, wadda aka haramta wa 'yan wasa, a jikinsa, aka karɓe lambar azurfar da ya ci, matsayinsa kuma ya faɗo ƙasa warwas. Ya dawo a 2015 yana da shekara talatin da biyu, shekarun da yawancin 'yan wasa kan fara shirin ajiye raket, amma kafin ƙarshen shekarar ya lashe gasannin Faransa da Sin da Hong Kong a jere. A gasar Olamfik ta Rio a 2016 ya doke Lin Dan na ƙasar Sin a wasan kusa da na ƙarshe da ci 15-21, 21-11, 22-20, bayan wannan abokin hamayya ya hana shi zinariya a Beijing a 2008 da kuma Landan a 2012. Chen Long, shi ma ɗan Sin, ya rinjaye shi a wasan ƙarshe, Lee ya koma gida da azurfar Olamfik ta uku.

Abin da ya bambanta Duora 10 da sauran raket shi ne fuskokinsa biyu ba iri ɗaya ba ne. In mutum ya shafa gewayen kansa da yatsa, zai ji gefe ɗaya mai kusurwa da kauri, wanda aka yi domin bugun gaban hannu, ɗayan kuma siriri mai yanka iska, domin bugun bayan hannu. Da farko na ɗauka dabarar talla ce kawai, sai da na yi makonni ina wasa na gane bambancin. Idan ƙwallon gashi ya wuce ni ta kusurwar hagu ta baya, na juya baya ga raga na mayar da shi, raket ɗin yana fita da sauri ba tare da na tilasta wa wuyan hannuna ba. A gefen mai kauri kuwa, saran da ake yi daga sama yana sauka da nauyi, har ƙararsa ta bambanta. Nauyin wanda nake da shi bai kai giram 90 ba, kuma bai rinjaya zuwa kai ko mariƙi ba, saboda haka kafaɗa ba ta saurin gajiya ko wasa ya kai zagaye na uku.

Sai dai wannan tsari yana da sharaɗinsa. Wanda ya saba juya raket a tafinsa tsakanin bugu da bugu, kamar yadda da yawanmu muke yi ba tare da sani ba, zai tarar ya riƙe shi a baibai, amfanin fuskokin ya ɓace. Ni sai da na sa alama a mariƙin, daidai inda babban yatsa yake zama, kafin hannuna ya saba. Sandarsa ma tana da tauri, ba ta lanƙwasa ta taimaki mai rauni a bugu, don haka ba zan ba ɗan koyo shawarar ya fara da shi ba. Wanda ya iya buga ƙwallo a tsakiyar zare, musamman mai wasan mutum ɗaya, shi zai ci moriyar kuɗinsa. Mai saye kuma ya duba lambar da aka zana a jikin sandar, domin jabun raket masu ɗauke da sunayen manyan 'yan wasa sun yi yawa a kasuwa.

Lee ya yi ritaya a watan Yuni na 2019 bayan jinyar ciwon dajin hanci, kuma kamfanin ya fitar da sababbin samfura tun daga lokacin. Nawa yana nan, na sake masa zare sau huɗu, kuma har yanzu shi nake fara zarowa daga jaka.