Talabijin mai jiran mutum: wasiƙa daga Landan

Yaya, barka da war haka. Ina fata Inna da yara duk suna lafiya.

Ranar da muka yi waya ka tambaye ni yadda nake samun kallon labarai da ƙwallo alhali aikin dare nake yi, kafin in ba ka amsa layi ya katse. To ga ta a rubuce.

A nan ba mai sauri gida don kada labaran ƙarfe goma su wuce shi. BBC tana da wata manhaja, iPlayer, inda take ajiye abin da tashoshinta suka riga suka nuna. Ni ƙarfe takwas na safe nake shigowa, in ɗora ruwan shayi, in kunna shirin daren jiya. In barci ya sace ni a tsakiya, da yamma zan tarar da shi daidai inda na tsaya.

Ba haka ta fara ba. An soma gwajinta a watan Yulin 2007, aka buɗe ta sosai ranar Kirsimetin shekarar. A farkon gwajin sai mai kwamfutar Windows ke iya sauke shiri, kuma bayan kwana bakwai da nuna shi a talabijin an cire shi. A 2014 suka mayar da wa'adin kwana talatin. A 2019 hukumar Ofcom, mai sa ido kan gidajen yaɗa labarai, ta yarda shiri ya zauna har shekara guda. Dole ce ta sa, don Netflix ta riga ta saba wa matasa da zama su cinye shiri mai dogon zango a dare biyu, ba su da haƙurin jiran mako. Garin rage kashe kuɗi da bin matasan ne ma aka ɗauke tashar BBC Three daga talabijin a 2016 ta koma intanet kaɗai, sai kuma a 2022 aka dawo da ita. Ka ga su ma lalube suke yi.

Tashar Channel 4 ta riga BBC fara irin wannan manhaja, tun 2006, tashar ITV kuma ta sake wa tata suna zuwa ITVX a ƙarshen 2022. Waɗannan kyauta ne amma talla kamar ta kashe ka.

iPlayer babu talla, sai dai ba banza ba. Kowane gida da ke kallo yana biyan lasisin talabijin, wanda a Afrilun 2025 aka mayar da shi fam 174.50 a shekara. Kada ma ka juya shi zuwa naira, kanka zai yi ciwo. Da can akwai wata kafa: wanda ba ya kallon shiri kai tsaye, sai maimaici a intanet, ba ya biya. Ɗalibai sun sha romonta. Ranar 1 ga Satumban 2016 aka toshe ta, yanzu ko a waya ka kalla sai da lasisi, kuma tarar tana iya kai fam dubu. Da na zo na ga abin kamar zalunci, a ce ka sayi akwatinka da kuɗinka kuma ka biya kuɗin kallonsa. Yanzu na ɗan sassauto, ko da yake duk watan da suka cira sai na yi tsaki.

Na kan tuna yadda Baba ke hana kowa motsi in labaran ƙarfe tara na NTA sun fara, in aka ɗauke wuta kuwa shi ke nan, sai dai ka ji a majalisa da safe. Amma gaskiya yau ba a bar mu a baya da nisa ba. Masu fim na Kano suna ɗora shirye-shiryensu a YouTube, nan nake kallonsu ni ma. Bambancin yana wajen wuta da data. A nan kuɗin intanet na wata nake biya, ba a ƙirga min gigabait, kai kuwa kashi biyu za ka kalla saƙon gargaɗi ya shigo. Abin da na fi yi mana sha'awa shi ne ma'ajiyar, don a iPlayer kana iya tono shirin da ya girme ni. Ina kaset-kaset na wasannin kwaikwayon da muke kallo muna yara a gidan Kawu? Da za a ɗora su wuri guda, da ni ne farkon mai biya.

Kada ka ɓata datarka wajen sauke iPlayer, ba ta aiki a wajen Birtaniya. Sashen Hausa na BBC da kake saurare daban yake, shi ba sai da lasisi ake sauraronsa ba.

In an samu mai tahowa a aiko min da yaji da kuka, banda kilishi, ba a barin nama ya shigo. A gaida Inna da kyau.

Ƙaninka.